Rigar Majigi

Ku matso nan, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Jiya a ofishin malamai na ji ɗayanku yana cewa koyarwa yanzu ta zama wasa: ka jona waya da majigi, hoto ya fito a bango, kai kuma ka koma gefe ka harɗe hannu. Ban tanka ba, don ƙosai ne a bakina lokacin. Yau na ƙoshi, zan tanka.

Ni Malam Bala na fara riƙe alli a shekarun da aka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, ana ta murna ana sake rubutun allunan bakin hanya. Aka tura ni wata ƙaramar sakandare a yankin Sabiyal, ƙasar Aliero, in koyar da kimiyya. Aikin da na fara yi a makarantar ba koyarwa ba ce. Shugabanmu, Alhaji Mamman, ya zube mini tsofaffin batiran rediyo a gaba, ya ce in fasa su, in kwashe baƙin garin da ke ciki, in kwaɓa da ruwa da ɗan ƙaro, in shafe allon ajina. Na duba farar rigata, na duba batiran. Ya ce, "Malam, wanga allo shi na gonarka. In ba ka gyara shi ba, mi za ka shuka?" Ranar na koma gida hannuwana kamar na maƙeri.

Shi ya koya mini aikin nan kaf. Yadda ake rubutu a allo ba tare da ka ba yara ƙeya gaba ɗaya ba. Yadda ake buga jarrabawa a kan sitansil da tafireta, a ɗaura a injin gurzawa, a juya hannu a hankali, don in ka yi gaggawa takardar ta yage sai ka sake daga farko. Yadda ake lallashin uba ya bar yaronsa ya zo aji lokacin cirar albasa, alhali kai ma taka albasar tana fadama tana jiranka. Ban taɓa kiran sunansa kai tsaye ba, daga "ranka ya daɗe" sai "Baba", har yau kuwa.

Alhaji Mamman yana da wani hali da dole ku sani, in ba haka ba labarin ba zai shiga ba. Mutum ne mai tattalin kaya. Ledar sirdin babur ɗinsa ta kanti tana nan har ta yi ja. Rediyonsa yana da riga ta fata. Agogon bangon ofishinsa yana da riga. Tafiretar makaranta tana da tata, mai geza. Kada ku yi dariya, dukanmu haka muke a nan, wa ke sayen sabon abu ya bar shi tsirara? Shi dai ya fi mu riƙo ne. Yakan ce, "Kayan gwamnati amana na. Duk abin da ya daɗe hannuna, riga na yi mashi."

Shekaru suka tura, na yi furfurar farko, sai rannan mota ta shigo makaranta da kwalaye. Kwamfuta ɗaya, majigi ɗaya, ƙaramin janareto, da 'yan fayafayan darasi. A duk yankin mu kaɗai aka ba, don a gwada a gani ko makarantar ƙauye za ta iya riƙe su. Aka kai ni Birnin Kebbi aka koya mini kunnawa da kashewa, aka ce sauran in koya da kaina. Da na dawo na tarar Alhaji ya riga ya ɗauki majigin a bayan babur ya kai wa wani tela a kasuwar Jega. Tela ya auna shi kamar ango. Ya ɗinka masa riga ta koren karammiski, da soso a ciki don kada ya bugu, da zif a baya, da surfani a gefe. Ya bar kafa ɗaya zagayayya daidai idon da haske ke fita, da wata 'yar ƙarama ta waya. Ko ina kuma a rufe ruf. Kowa ya gani sai ya ce tubarkalla, ni ma na ce.

Kunna majigin nan aiki ne, ba danna waya ba. Da safe sai in fitar da janareto in kai shi gindin dogon yaro don ƙararsa kada ta cika aji. In gauraya mai da baƙin mai, in girgiza, in ja igiya har kafaɗa ta amsa. In ja doguwar waya ta taga, in ɗaga ta a kan sanduna, don akwai wata akuyar maƙwabta da ta ɗanɗana robar sau ɗaya ta ji daɗi. In toshe tagogi da tabarmi don ɗaki ya yi duhu. Bango kuwa farar ƙasa muka shafa masa. Kafin in gama duk wannan na jiƙe sharkaf, darasi kuma ko farawa ba a yi ba.

Akwai faifai ɗaya da yara suka fi so, mai nuna yadda zuciya ke harba jini. Shekara da shekaru ina zana zuciya a allo, tana fitowa kamar mangwaro, ina ce musu tana motsi, suna gyaɗa kai don ladabi. Ranar da suka gan ta tana bugawa a bango, ajin ya yi tsit. Har iyaye suka fara leƙowa ta tsakanin tabarmi a hanyarsu ta fadama. To amma ba mu taɓa ganin ƙarshen faifan ba. Da an ɗan yi nisa, kamar tsawon alwala da salla, sai wata 'yar fitila ja ta kama, majigi ya ɗauke ɗif. Yara su ce "Aaa, Malam!" Ni kuma in yaye tabarma ɗaya, in ɗauki alli, in koma wa mangwarona.

Wannan ita ce muguwar shekarar. Babu abin da ban zarga ba. Na zargi janareto, na kai shi wajen mai gyara ya wanke shi. Na zargi mai, na canza wajen saye. Na zargi waya, na zargi faifai, na goge shi da gefen rawani har ya yi ƙyalli. Da sanyin safiya majigin yakan ɗan jure, da bazara ta kama kuwa sai abin ya ƙazanta, kafin zuciya ta buga kaɗan ya mutu. Abin da na koya a shekarar, wanda nake so ku riƙe, shi ne kowane darasi a shirya shi kashi biyu, na majigi da na alli. Malamin da ya tsaya yana danne-danne yara suna kallon ƙeyarsa ya rasa ajin, kuma dawo da su ya fi tayar da janareto wuya.

A Jega Firchin akwai wani shagon intanet da nake zuwa ranar Asabar neman magani. Ka hau kabu-kabu, ka je ka zauna gaban kwamfuta, shafi ɗaya yana buɗewa kana iya cin rake ka gama. A nan na ga malamai a wasu wurare suna da abin da ake ce wa bulog, wato shafi ne naka na kanka da kake rubuta abin da ka ga dama, duk mai so ya karanta ya bar maka amsa a ƙasa. Na ce ni ma bari in buɗe, ko ba komai na rage abin da ke cina. Na sa masa suna Wuta Ta Ɗauke. Da Hausa nake rubutawa, kuma ban ɓoye komai ba: yau majigi ya mutu a kan jijiya, yau akuya, yau igiyar janareto ta tsinke a hannuna. Ina tsammanin ni kaɗai nake magana, sai ga malamai suna amsawa, wani daga Fagada, wasu daga nesa. Kowa da irin nasa ciwon.

Wadda ta fi kowa amsawa ita ce Malama Kulu, mai koyar da kimiyya a Maiyama. Ba mu taɓa haɗuwa ba a lokacin, amma bakinta na san shi, ba ta raga wa kowa. Wata Asabar na ari kyamarar mai shagon, na je na ɗauko hoton majiginmu cikin karammiskinsa, na ɗora a shafi don dai in nuna musu ba rashin kula ba ne ke damunmu. Asabar ta gaba na tarar da amsarta:

"Malam Bala, sannu da fama. Riga kam ta yi kyau, a gai da tela. Amma don Allah in tambaye ka. Albasar da kunka cire bana, bargo kunka lulluɓa mata, ko rudu kunka ɗora ta? Zuge zif ɗin nan ka dibi gefen majigin. Akwai 'yan kafofi. Ta nan yake numfashi."

Na zauna ina kallon rubutun. Ni da aka haifa cikin albasa! Yaron goye ma a Aliero ya san in ka tara albasa ka rufe ta, zafinta zai dafa ta. Shi ya sa muke yi mata rudu, gadon kara mai ƙafafu, iska ta bi ta ƙasa ta bi ta gefe. Washegari ko hutun Lahadi ban yi ba. Na je na zuge zif, na zare rigar, na ga kafofin nan a jere da 'yar fanka a ciki. Na yanko kara na ɗaure ɗan ƙaramin rudu na ɗora shi a kai. Na kunna. Ni kaɗai a aji na kalli zuciya tun daga farko har rubutun ƙarshe ya hau. Ashe a ƙarshen faifan har huhu ake nunawa.

Saura faɗa wa Alhaji, kuma nan ne gizo yake saƙa. Na same shi a ofis, na gaishe shi, na zagaya, na zagaya, na ce, "Baba, kamar majigin nan ya fi son iska." Ya ce, "To a buɗe taga." Na ce, "Ina nufin ko rigar tana ɗan takura shi." Ya sauke tabarau ya dube ni. "Riga? Rediyona shekara nawa yana cikin riga, ka taɓa jin ya shaƙe? Gyaran janareton da kunka yi shi na ya kama, ka gode Allah." Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Mutumin da ya koya mini riƙon alli ba zan tsaya ina ja da shi a kan ɗinki ba. Sai na samo hanyata: in zan yi darasi in tuɓe rigar, in na gama majigi ya huce in mayar. Yara sun sani, ba wanda ya ce uffan. Ban kuma kai ga rubuta labarin gyaran a shafi ba, don ban san yadda zan faɗe shi ba tare da na taɓa dattijon ba.

To ashe bulog ba malamai kaɗai ke karantawa ba. Saƙo ya zo cewa wani darakta daga ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi zai zo ya ga darasin majigi da idonsa. Ya karanta duk kukan da na yi wata da watanni. In abin ba ya aiki a wurinmu, za a ɗauke shi a kai wata makaranta a cikin Jega. Alhaji ya kira ni, bai ɗaga murya ba, wanda ya fi zagi ciwo. "Malam Bala, mu muna rufa ma kanmu asiri, kai kana can kana shelar mu ga duniya. In sunka ɗauke shi, mi za ka ce ma yaran ga?" Na dai ce in sha Allahu zai yi aiki, kuma a raina na san zai yi.

Ranar da hantsi, rana ta riga ta fara cizo. Na shirya komai, majigi tsirara a kan rudunsa, na fita tayar da janareto. Ya ƙi tashi, sai da na cire fulogi na kankare na hura, na ja, na ja, sannan ya kama. Kafin in dawo baƙi sun iso sun shiga aji. Ina sa ƙafa na ga an sauya mini shiri. An shimfiɗa ƙyalle mai fure a tebur, an jefa ruduna bayan ƙofa, ga majigi zaune cikin karammiski, zif a zuge har wuya. Alhaji yana tsaye kusa da shi cikin babbar riga yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka ga yadda muke riƙon kayan gwamnati. Ko ƙuda bai taɓa sauka kansa ba." Darakta yana gyaɗa kai yana yabawa. A bakin ƙofa kuma ga kwalin da majigin ya zo ciki, an fito da shi an buɗe.

Darakta ya juyo. "Kai ne mai Wuta Ta Ɗauke? Malam, ka ba ni dariya, ka kuma ba ni tausayi. Ni ba faɗa na zo yi ba. Can Jega akwai yara da yawa da ba su taɓa ganin irin wannan ba. In a nan ba ya yi, hakki ne a kai shi inda zai yi. Bismilla."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi tsorata ni. In na kunna shi a haka, cikin wannan zafi da ɗaki cike da mutane, ba zai kai ko'ina ba, kwali zai koma. In kuma na ce rigar nan ce ke kashe shi, na tsinka Baba a gaban baƙi da ɗalibansa, bayan yanzun nan ya gama alfahari da ita, kuma na ba darakta hujjar cewa ba mu san yadda ake riƙe abin ba. Yara sun zuba mini ido, sun san abin da na sani. Sai na tuna abu ɗaya game da manyanmu: ba abin da suke so kamar a miƙa musu igiya su yaye ƙyalle a bikin buɗe gini.

Na gyara murya na ce, "Ranka ya daɗe, kafin mu fara, muna da 'yar al'ada a makarantar nan. Majiginmu ba ya aiki fuska a rufe gaban babban baƙo. Baƙo ne ke buɗe shi da hannunsa, shugaba ya karɓi rigar, sannan a ɗora shi kan gadonsa." Allah ya yafe mini, al'adar nan a bakina aka haife ta.

Darakta ya washe baki ya miƙe. Ya kama zif ya ce bismillahi, ya zuge a hankali, ya zare karammiskin ya ɗaga sama. Yaran nan, Allah ya yi musu albarka, suka ɓarke da tafi kamar sun saba. Ya miƙa wa Alhaji rigar da hannu biyu, Alhaji ya karɓa yana kallona ta saman tabarau. Ni kuwa na yi wuf na ɗauko rudu daga bayan ƙofa na ɗora majigi. Darakta ya sunkuya ya duba. "Wannan ai rudun albasa ne." Na ce, "Ranka ya daɗe, Aliero ka zo." Ya yi dariya ya koma ya zauna.

Na kunna. Zuciya ta fito a bango tana bugawa, tawa ma tana yi. Ina bayani, rabin idona yana kan inda jar fitilar nan take kamawa. Muka wuce inda ya saba mutuwa. Muka wuce jijiyoyi, muka isa huhu. Wata ɗaliba ta tambaya ko zuciyar ragon layya ma ɗakuna huɗu gare ta, na ce ta duba da kanta in Salla ta zo. Rubutun ƙarshe ya hau, na buɗe baki zan yi hamdala, sai darakta ya ce a maimaita, bai ga farkon da kyau ba. Wayyo! Na maimaita. A zagaye na biyun ne na hangi Alhaji ya miƙa tafin hannunsa gefen majigin, daidai kafofin da iska mai zafi ke fita. Ya daɗe a haka. Ya janye hannun, ya dubi rigar da ke cinyarsa, ya shafa soson da ke ciki. Majigi bai ko ƙifta ba har aka gama.

Darakta ya ce a mayar da kwali sito. Ya ce in ci gaba da rubutu, amma in riƙa faɗin ranar da abu ya yi aiki ma. Da motarsu ta fita na zagaya gindin dogon yaro na kashe janareto, na zauna a ƙasa. Daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko ranar da aka ɗauke ni aiki.

A nan Alhaji ya same ni, rigar a ninke a hammatarsa. Na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna.

"Malam Bala, wagga al'ada ta buɗe majigi, yaushe munka fara ta?"

"Yau, ranka ya daɗe."

Ya jinjina kai. "To a riƙe ta, al'ada ce mai kyau." Ya dubi janareto. "Zafi na, ko?"

"Zafi ne, Baba. Wata malama a Maiyama ce ta gano mini."

"Ka gai da malamar Maiyama. Amma kada in ji wanga a shafin nan naka sai na bar aiki."

Na riƙe alkawari. Shi ya sa har yau in baƙo ya zo kuke miƙa masa ƙyalle ya yaye, ɗayanku ma na ji yana gaya wa wani wai tun kafa makarantar ake yi. Alhaji ya daɗe da ajiye aiki, yana Sabiyal yana fama da albasarsa. Jiya da yamma na je gaishe shi, na tarar da shi gindin rudu, rediyo a gefe cikin rigarsa ta fata. Na ce, "Baba, yaran yanzu sun ce aikin nan wasa ne. Ka yarda in ba su labarin, in kuma sa a shafi?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Faɗa masu duka, kada ka rage. Abu guda dai, ka ce rigar ta yi kyau."

To ku shaida na faɗa. Kore ce, da surfani a gefe, kuma wallahi ta yi kyau.